Nonon Wa Ta Sha?

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma, mai furfura da na goye. Ranar Alhamis da hantsi Gwaggo ta amsa kiran Ubangijinta a ɗakinta da ke Aujara, aka kai ta makwancinta bayan azahar. Yayar mahaifina ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goye shi yana ƙarami, ita kuma ta goye ni. Na zauna rubuta wannan ne don ina tsoron a manta da ita, ko a tuna da rabin halinta kawai, a ce "tsohuwar nan mai tsanani" a wuce wurin. Akwai kuma wani nauyi nawa na kaina, wanda labarinta ba zai faɗu daidai ba sai na sauke shi.

Gidanmu gidan malamai ne. Baba yana da makarantar allo a zaure, Gwaggo kuma tana karantar da matan aure a cikin gida tun kafin a haife ni. Saboda haka ranar rasuwar tsakar gidan bai ɗauki mutane ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har gidan maƙwabta. Baba ne ya yi mata salla. Waɗanda suka tsaya bayansa sun ce a kabbara ta uku muryarsa ta sarƙe, ya daɗe kafin ya iya yin ta huɗu. Mutumin da ya sallaci gawa ba adadi, ba a taɓa jin haka daga gare shi ba.

A cikin gida kowa da irin tasa gaisuwar. Wata tsohuwar maƙwabciya ta shigo tana dogara sanda, ko zama ba ta yi ba ta ce, "To, yau an binne littafin garin nan." Wata mai dalilin aure, wadda suka sha yin sa-in-sa da Gwaggo, ta share hawaye da bakin mayafi ta ce, "Ni yanzu in an kawo maganar aure ɗakin wa zan leƙa?" A zaure kuma wani magidanci da furfura ta fara fito masa ya durƙusa gaban Baba ya ce, "Malam, ita ta hana ni auren da na fi so a duniya. Shekara uku ban gaishe ta ba. Allah ya saka mata da alheri, Allah ya haskaka kabarinta." Ya tashi ya fita bai jira an amsa ba.

Baƙo ba zai gane waɗannan maganganun ba sai an yi masa bayani. A garinmu, in uwa ta rasu wajen haihuwa, ko ciwo ya kwantar da ita, ko ta tafi rijiya jaririn ya tsananta kuka, wata mai goyo takan ɗauke shi ta ba shi nono. Babu mai rubutawa, babu mai ɗaukar abin da wani girma a lokacin. Amma a addini yaron ya zama ɗanta, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, aure ya haramta tsakaninsu har abada. Gwaggo ce ta ɗora wa kanta riƙe wannan a ka. Ba wanda ya naɗa ta. In ta ji an shayar da wani, sai ta faɗi sunan jaririn, da na mai nonon, da na mijin mai nonon, sau uku tana bin gaɓoɓin yatsunta kamar mai tasbihi. Kullum da safe in ta gama tilawa sai ta bi sunayen nan ɗaya bayan ɗaya a hankali, unguwa-unguwa, kafin ta sha kokonta.

In an je barka, wasu su ce ya yi kama da babansa, wasu su ce hancin kakarsa ne. Gwaggo ta karɓi jariri ta yi masa addu'a, sannan ta dubi mai jego ta ce, "Nonon wa ya sha ban da naki?" Muna yara mun mayar da abin wasa. Da mun ga ɗan akuya ya kama nonon da ba na uwarsa ba sai mu kwasa da gudu muna cewa, "A gaya wa Gwaggo! A gaya wa Gwaggo!" Ta biyo mu da maficinta tana cewa, "Ja'irai, ku ma duk na san naku." Ba ta da yawan dariya, amma wannan kam yana sa ta murmushi.

Ba zan ce tana da sauƙin zama ba. Harshenta kaifi gare shi, kuma ba ta san a jira lokacin da ya dace ba. Ta taɓa tsayar da aure ana saura kwana biyu, an riga an yi jere, an kawo buhunan shinkafa. Uwar amarya ta zo ƙofar ɗakinta ta zazzaga mata maganganu, ta ce baƙin ciki take yi. Gwaggo ta bari ta gama, sannan ta ce, "Shekarar da kika yi ciwon nono, wa ya riƙe miki ita kwana goma, in ba uwar angon ba?" Matar ta zauna a ƙasa. Da yamma Gwaggo ta aika mata da tuwo, da naman da aka sa mata a miyarta, don ita ba ta cin nama in akwai wanda ransa ya ɓaci a kusa.

Na girma ban san dalilin wannan naci ba, sai wata rana muna tsinkar zogale Inna, mahaifiyata, ta gaya min. Akwai wani dattijo mai sayar da hatsi da ke zuwa gaishe da Gwaggo duk ranar salla, ya tsaya daga bakin ƙofa, ta ce, "Yaya, an yi salla lafiya?" Ni na ɗauka ɗan'uwa ne na nesa. Ashe mijinta ne na fari, auren saurayi da budurwa, kuma auren so. Suna shekara huɗu tare wata tsohuwa da ta dawo daga gabas ta gan su, ta dafe ƙirji ta ce ai ita ta shayar da su duka biyu shekarar da aka yi ciwon sanƙarau. Aka bincika, aka samu masu shaida, kakanmu, mahaifin su Baba, da kansa ya raba auren. Inna ta ce Gwaggo ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta tattara kwanoninta ta dawo gida, daga ranar ta koma kiransa Yaya, kuma ta yi shekara fiye da hamsin tana kiransa haka. Sau ɗaya tak na ji ta taɓo zancen, ta ce, "Babu wanda ya cuce ni. Mantuwa aka yi."

Yanzu sai nawa. Shekara tara da suka wuce ina koyarwa a wata firamare a Dutse, cikina wata bakwai, jijjiga ta kama ni a cikin aji. Aka kwashe ni zuwa asibiti, aka yi min aiki aka ciro 'ya mace, bakwaini, ba ta fi tafin hannun babanta da yawa ba. Aka sa ta a kwalba, wato akwatin gilashin nan mai ɗumi da ake renon bakwaini a ciki, aka zura mata siririyar roba ta hanci har ciki don ba ta da ƙarfin tsotso. A zamanin su Inna irin wannan jaririyar auduga ake naɗe ta da ita a sa wa sarautar Allah ido. Yanzu ga na'ura ta riƙe ta, amma na'ura ba ta da nono. Likita ya ce hanjinta bai yi ƙwarin da zai ɗauki madarar gwangwani ba, nonon mutum take bukata, ko da ɗigo-ɗigo ne. Ni kuwa kwana uku ina matsa har fata ta yi ja, ko ɗigo bai zo ba.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wata yarinyar mata daga wajen Garki, ba ta kai ni shekaru ba. Ita ma bakwaini ta haifa, namiji, kwalbarsa na jikin ta 'yata. Da safen kwana na uku nata ya koma. Tana zaune a bakin gado, gaban rigarta ya jiƙe sharkaf. Bayan la'asar malamar asibiti ta zo ta sunkuya kusa da kunnena ta ce, "Maman bebi, 'yarki tana ta yin laushi. Baiwar Allahn nan ta ce a tatsi nata a ba ta. An gwada jininta tun shigowarta, lafiya ƙalau take. Amma sai kin yarda."

Na san abin da hakan ke nufi. A ɗakin Gwaggo na tashi, ba zan ce ban sani ba. Na ce, "A ba ta."

Matar ta juya baya ta tatsa a ɗan kofi, aka zuƙa a sirinji aka tura ta robar. Aka maimaita sau uku ko huɗu kafin mijinta ya zo ɗaukarta washegari da safe. Da za ta fita ta tsaya a gefen gadona da ƙullin kayanta, ta faɗi sunan ƙauyensu, ta ce, "In ta rayu, don Allah ki kawo min ita in gani, ko sau ɗaya ne." Ni kuwa na juya fuskata bango na yi kamar barci nake. Har yau ina neman sunan abin da ya kama ni. Kunya ce, don nata ya mutu tawa tana numfashi da rabonsa. Akwai kuma wani abu mai muni da ya fi kunyar, ban so a ce 'yar da aka yanka cikina aka ciro tana da wata uwa ba.

Da azahar Gwaggo ta iso daga Aujara da kunun kanwa a fulas da ƙullin saiwoyin kawo nono. Ta tsaya gaban kwalbar ta daɗe tana motsa baki, sannan ta zo ta zauna kusa da ni. Na san tambayar da ke tafe.

"Naki ya zo?"

"Bai zo ba, Gwaggo."

"To nonon wa ta sha?"

Na ce, "Ban sani ba. Ba na cikin hayyacina. Su suka ba ta."

Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci kamar ranar ba. Ta tare malamar asibitin a tsakiyar ɗakin, gaban masu jego da masu jinya, ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya ba ki izini ki ƙulla zumunci tsakanin gida biyu, sannan ki yar da bakin zaren? Kin san abin da kika yi kuwa?" Malamar ta dube ni sau ɗaya. Na kawar da ido. Sai ta ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya," ba ta ƙara komai ba. Ta ɗauko katin matar da ta ba da nonon ta nuna wa Gwaggo. Sunan da ke jiki irin wanda rabin matan ƙasar nan ke amsawa ne, na mijin ma haka, wajen gari kuma an rubuta Garki kawai. Gwaggo ta faɗi sunayen sau uku a gaɓoɓin yatsunta, ta ce, "Garki ai ƙasa ce guda. Amma mai nema yana tare da samu."

Kwana biyu bayan haka nonona ya zo, 'yata ta fara ƙiba, bayan wata guda aka sallame mu. Mijina ya so ya sauƙaƙa abin, ya ce wa Baba ai ba ta kama nono da baki ba, ta roba aka tura, ƙila bai zama shayarwa ba. Baba ya ce a karatun da ya gada, nono in ya isa cikin jariri kafin yaye, ta baki ne ko ta hanci, kaɗan ne ko da yawa, ya haramta aure. Ya ce ya san akwai malaman da suka sa adadi, amma shi ba zai ɗaura aure a kan shakka ba. Daga nan ya ce zai yi wa mutane magana ranar Juma'a, kada kowa ya yarda a ba ɗansa nonon wata a asibiti, toshe ƙofar ya fi.

A nan suka saɓa da Gwaggo, kuma ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba sai ranar. Ta ce, "Malam, kai ba ka je ba. Ka je ka leƙa kwalaben nan, ka ga 'ya'yan mutane kamar 'yan tsaki, ka tuna jikarka a ciki ta kwana, sannan ka dawo ka toshe." Ya ce ai ita ce ta fi kowa faɗa a kan abin. Ta ce, "Ni ban yi faɗa don an ba ta ba. Na yi faɗa don an ɓatar da mai bayarwa." Kwana biyu ba su yi magana ba, tana aika masa da abinci yana dawo da kwano rabi. A na uku ya hau mota ya tafi Dutse shi kaɗai. Bai gaya wa kowa abin da ya gani ba, amma maganar Juma'ar ba a yi ta ba.

Bayan kamar shekara biyu wata likitar yara ta so ta tanadi firij na ajiye nonon da mata suka bayar sadaka, don bakwainin da uwarsu ta rasu ko nononta ya ƙi zuwa. Ta kira malamai da dattijan mata don a tattauna. An tuna da tsohuwar da ta tayar da ɗaki, aka aiko mata, ni na raka ta. Likitar ta yi bayani da natsuwa, ta ce a wasu ƙasashe ana haɗa nonon mata da yawa wuri ɗaya, a dafa shi sama-sama don kashe ƙwayoyin cuta, kuma da gangan ake ɓoye sunan masu bayarwa.

Gwaggo ta ce, "Don me ake ɓoyewa? Abin kunya suka yi?"

Likitar ta ce don kada a dame su ne daga baya, kuma in gwajin jini ya nuna wata tana da ciwo, asirinta ya rufu.

"Wannan kam gaskiyarku," in ji Gwaggo. "Mai ciwo ku rufa mata asiri, ku sallame ta da mutunci, ko ni kada ku gaya min. Amma wadda nononta ya shiga cikin ɗan mutum, wannan uwa ce. Ku rubuta ta a katinsa, ku rubuta shi a nata, da sunan mijinta da unguwarsu, ba Garki kawai ba. Kuma kada ku gauraya. Wanda ya sha na mace goma, a garin nan wa ya rage masa ya aura?"

Wani ma'aikaci ya ce mata ba za su bayar ba sai an ɗan ba su wani abu. Wani malami ya ce ai shari'a ta halatta a biya mai shayarwa. Gwaggo ta ce ta san da haka, amma su lura, ranar da abin ya zama ciniki matar talaka za ta rage wa nata ta kawo wa na mai hali, su fara tunanin wannan jaririn da aka bari a gida. Sai likitar ta yi tambayar da na ga tun farko ita ce a bakinta. Ta ce, "Hajiya, in ga jariri zai mutu a hannuna, kuma babu nono sai wanda ban san mai shi ba, in yi yaya?"

Gwaggo ba ta yi jinkiri ba. Ta ce, "Ki ba shi. Gawa ba ta aure. Amma washegari ki fita neman mai nonon, kada ki ce aikinki ya ƙare."

Ban san inda maganar ta tsaya a ofis ba. Na dai ji daga baya ana rubuta sunaye a kati biyu a wannan ɗakin, wani lokaci kuma in an sauya ma'aikata a manta. Abin da na sani shi ne ina zaune kusa da ita na ji ta ce "ki ba shi" da kunnena. Ƙofa ta buɗe min ke nan, da na faɗi gaskiya a motar komawa da an wuce wurin. Ban faɗa ba. Ƙaryar ta riga ta shekara biyu, kullum tana ƙara nauyi, ni kuma ina ƙara jin kunyar ɗaga ta.

Sau bakwai Gwaggo ta je ƙasar Garki a cikin shekara tara. Mota biyu take hawa sannan ɗan acaba. Ta bi ungozomomi, ta bi wanzamai, ta zauna wajen masu tallar fura da nono ranar kasuwa tana cigiyar matar da ta haifi bakwaini a Dutse ya koma. Muka yi ta hana ta. Mijina ya ce, "Gwaggo, yarinyar nan ko makaranta ba ta shiga ba, ina ita ina aure?" Ta ce, "Yau ne ba ta shiga ba. Gobe za ta je jami'a a Kafin Hausa, ta haɗu da yaro ɗan Garki mai hankali, ku ce Allah ya haɗa. Lokacin ni ina ƙasa, wa za ku tambaya?" In ta dawo takan kwana gidana a Dutse, gwiwoyinta sun kumbura. Ni nake shafa mata man zafi da hannuna, sunan ƙauyen yana bakina. Takan ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar boko." Babu wata kalma da ta taɓa ƙona ni kamar wannan albarkar.

Ranar Laraba, kwana ɗaya kafin rasuwarta, aka kira ni aka ce jikin ya yi tsanani. Na same ta bayan la'asar an jingina ta da filo, muryarta ta yi ƙasa amma hankalinta garau. Tana bin sunayenta, ta kira Inna tana damƙa mata na unguwar gabas, ta ce a kira wata ɗalibarta ta riƙe na yamma. Da ɗakin ya rage daga ni sai ita, ta ce, "Saura guda ɗaya da ban cika ba. Ki yafe min, na gaza a kan 'yarki."

Nan na durƙusa na faɗa mata komai. Na ce ina cikin hayyacina, ni na ce a ba ta. Na ce malamar asibitin ba ta yi laifi ba. Na ce matar ta gaya min sunan ƙauyensu, ta roƙe ni in kai mata yarinyar, na juya mata baya.

Na ɗauka ba ta ji ba. Sannan ta ce, "Sau bakwai. Da waɗannan gwiwoyin." Ban iya ɗaga kai ba. Ta ce, "Faɗi sunan garin." Na faɗa. Ta ɗaga hannunta da ƙyar ta bi gaɓoɓin yatsunta, sau uku, sunan 'yata, sunan matar, sunan mijin, ta ƙara da na ƙauyen. Ta sauke numfashi.

"Ke kin ɗauka don aure kawai nake nemanta?" in ji ta. "Mace ɗanta ya mutu da safe, da yamma ta tatsi nononsa ta ba taki. Shekara tara babu wanda ya ce mata sannu daga gidanmu. Wannan ne ya hana ni zama." Ta ce, "Nawa na yafe, duniya da lahira. Amma ba ni kaɗai kika yi wa ba. Ki nemi yarinyar asibitin nan ki ce ina roƙon gafararta. Waccan kuma kada ki aika. Ki je da ƙafarki."

Malamar asibitin na same ta a waya bayan sadakar uku, an mayar da ita wani gari. Na isar da saƙon, na ƙara da nawa. Ta ce ta tuna, ta ce mai jego ba a kama ta da magana, Allah ya jiƙan Hajiya. Sauƙin da ta yi min ya fi faɗa zafi.

Bayan sadakar bakwai na kama hannun 'yata muka hau mota. Ƙauyen ba shi da wuyar samu ga wanda ya san sunansa, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba daga kasuwar da Gwaggo ta yi ta zama. Muka yi sallama a wani gida mai dangar kara. Matar tana sussukar gero a tsakar gida, ta ƙara jiki, amma na gane ta. Ita ba ni ta kalla ba. Ta ajiye taɓarya tana kallon yarinyar.

"Ita ce?"

Na ce, "Ita ce."

Ta durƙusa ta riƙe fuskar 'yata da hannu biyu, ta daɗe a haka. Sannan ta ƙwala wa 'ya'yanta kira, maza biyu da suka girmi tawa da mace ɗaya ƙarama, ta ce, "Ku zo ga 'yar'uwarku ta Dutse." Na fara ba ta haƙuri. Ta ce, "Na ji labarin wata tsohuwa tana cigiyata a kasuwa, ba sau ɗaya ba. Ban fito ba. Na ce ke na gaya wa sunan garinmu, in kina so za ki zo. Wace ce ita?"

Na ce, "Gwaggona ce, yayar mahaifina. Ita ta aiko ni."

"Tana ina? Me ya sa ba ku zo tare ba?"

"Yau kwananta tara da rasuwa."

Ta saki hannun yarinyar ta zauna a kan turmi. Ta yi salati, hawaye suka zubo mata. Ta juya ta ce wa babban ɗanta ya je gona ya kira babansu, ya ce masa ya zo yanzu, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Na ce kada ta wahalar da shi, ba daɗewa za mu yi ba. Ta dube ni ta ce, "Kakar 'yata ce fa ta rasu. Ashe mu aka yi wa rasuwa ba mu sani ba."

A ƙauyen da Gwaggo ba ta taɓa takawa ba, maƙwabta suka yi ta shigowa har yamma suna yi wa matar nan gaisuwa, tana amsawa. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata kabarinta, ya karɓi tafiyarta bakwai. Mu kuma da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani.